Tsarabar da Ta Isa Gidan Liman

Ranar Litinin ce, ana yayyafin nan na Birmingham wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi shi a hankali har ya gajiyar da shi. Zinatu ta fito ta ƙofar ma'aikata da jaka a kafaɗa, sai ta ga wani saurayi tsaye a bakin ɗakin adana tsofaffin takardu, yana karanta sanarwar da aka manna kamar mai fatan rubutun ya canja idan ya ƙara dubawa.

Ta ji ya ce a hankali, "Innalillahi. A rufe?"

Hausa ce tsantsa. Ta tsaya.

"Sannu Malam. Ba ma buɗewa Litinin yanzu. Tun da council, hukumar garin nan, ta tsuke bakin aljihu aka rage mana kwanaki. Ni ma taro aka kira mu, don a faɗa mana wa zai tafi, wa zai zauna."

Ya juyo da sauri. Dogo ne, siriri, rigar sanyinsa ta yi masa yawa. "Ke fa? Kin zauna?"

"Zuwa baɗi dai."

Ya ce sunansa Nuru, mutumin Bichi, yana digirin digirgir a fannin tarihi a Manchester. Motar sassafe ya biyo don ya ga akwatin wasiƙun wani attajirin Ingila da ya mutu sama da shekara ɗari uku.

"Me yake sayarwa, attajirin naka?"

Nuru ya sosa ƙeya. "Giya. Ta inabi. Yana shigo da ita a jirgin ruwa."

Zinatu ta fashe da dariya, karo na farko a cikin makon nan. Ta ciro takarda ta rubuta sunansa a layin Talata.

Tun daga ranar, duk Talata sai ya zo. Ita ke turo masa akwatunan a kan keken ɗaukar kaya, ta ƙwace biro ta ba shi fensir, domin ba a yarda da tawada kusa da tsofaffin takardu ba. Yakan zauna tun safe har a tashi, ya duƙufa a kan rubutun da ita ko kalma uku ba ta iya tsinta a ciki.

Wata rana lokacin hutun abinci suna zaune a kan benci, ta ce, "Tsakani da Allah, duk ilimin duniya ka rasa abin karantawa sai giya?"

"Ba giyar nake karantawa ba, Mai Makulli, mutanen nake karantawa. Kin ga attajirin nan, yana da abokin ciniki a wata ƙasa da bai taɓa gani da ido ba. Ta yaya zai sa ya amince masa? Sai ya aika masa da ganga ɗaya kyauta. Ya aika wa jami'in tashar jiragen ruwa, ya aika wa surukinsa. Kamar goro ne a wurinmu. Wanda ya karɓa ya karɓi zumunci. Wanda ya dawo da ita kuwa, an ɓata ke nan."

"To, Sarkin Ganguna. Ni dai kada ka aiko mini."

"Ke ai ganga ta yi kaɗan. Sai dai jirgin gaba ɗaya, a cika shi da zuma."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ba shi rabin burodinta.

Da yamma yana cikin motar komawa ya turo saƙo:

"Mai Makulli, yau shafi biyu kawai na karanta. Duk lokacin da keken nan naki ya yi ƙara sai in ɗago kai. Ki sa masa mai, ko ki daina wucewa. A'a, kada ki daina."

Ta mayar masa:

"Sarkin Ganguna, council ba ta da man sa wa keke. Ka yi haƙuri da ƙarar. Allah ya kai ka lafiya. Ka ci abinci, ba biskit ba."

Gidansu Zinatu a Handsworth yake, cikin jerin tsofaffin gidajen jan bulo masu manne da juna. Mahaifinta, Malam Giɗaɗo, ya yi shekara goma sha huɗu yana aiki a sashen gidaje na council kafin a rage ma'aikata a haɗa da shi. Yanzu bas yake tuƙawa, bayansa na ciwo, ga tari da ba ya rabuwa da shi in sanyi ya shigo. Mutum ne mai yawan tunani. Ko waya ta yi ƙara sai ya ce "Allah ya sa lafiya" kafin ya ɗauka. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa Zinatu, shi ya sa ba ya kiran ta sai Uwata.

Ranar da ta gaya masa maganar Nuru, ya daɗe yana kallon kofin shayinsa.

"Uwata, mutum ya baro Bichi, ya ƙetaro teku, ya zo ya zauna yana karanta giya? In abokaina suka tambaye ni me surukina ya karanta, in ce me?"

"Tarihi ne, Baba."

"Tarihin me?"

Bai jira amsarta ba.

"Ga Dakta Sunusi. Aikinsa a hannu, ba wanda zai kira shi taro ya ce ya tattara kayansa. Ni na san abin da ake ji in an kira mutum taron nan."

Dakta Sunusi mutumin kirki ne, wannan ba wanda zai musa. Sau biyu ya zo zance, sau biyun ya taho ne kai tsaye daga asibiti. A zuwa na biyu tana cikin ba shi labari ta juyo ta tarar barci ya kwashe shi a kan kujera, makullin mota a hannunsa. Ta tausaya masa, ta lulluɓe shi da bargo, amma zuciyarta ba ta motsa ba.

Mahaifiyarta, Batulu, ce ta yi ta lallashi har Malam Giɗaɗo ya yarda Nuru ya zo gaisuwa. Aka sa ranar Asabar. Ranar Juma'ar da ta gabace ta kuwa Nuru ya kare kundinsa a gaban malamai, ya ci.

Ranar Asabar ya iso da manyan kaya, ya durƙusa har ƙasa, ya ƙi hawa kujera. Ya amsa tambayoyi cikin ladabi, na sallah da na asali da na aikin da yake nema. Da zai tafi ya tura leda gaba, da wata doguwar jakar takarda mai igiya.

"Baba, ga ɗan dabino da turare. Wannan kuma zuma ce, Zinatu ta ce tari na damun ka."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ba wanda ya taɓa kayan. Wa zai buɗe tsaraba a gaban wanda ya kawo ta, kamar mai jira? Da baƙo ya tafi, Malam Giɗaɗo ya ce, "Yaron yana da kunya, ba laifi." Sannan ya ɗauki doguwar jakar. "Liman Ja'afaru ya fi ni tari, jiya da ƙyar ya gama huɗuba. Abin alheri irin wannan ba a cinye shi a gida. Bari in kai masa, ya sa mana albarka."

Haka ya kai ta bayan la'asar, ko leƙawa bai yi ba.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Liman ne da kansa, jakar a ƙarƙashin babbar rigarsa. Bai shiga ba. Ya miƙa ta, ya ce cikin sanyin murya, "Malam Giɗaɗo, ina jin an yi kuskure. Ni ban ga komai ba, ban kuma faɗa wa kowa ba."

Zinatu na tsaye a bakin kicin lokacin da mahaifinta ya zaro abin da ke ciki. Baƙar kwalba ce mai dogon wuya, an ɗaure ta da jan zare. Ko ba a karanta takardar jikinta ba an san ko mece ce.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Zama ya yi a kan matakala, kwalbar a tsakanin ƙafafunsa, ya dafe kai.

"Shekara goma sha takwas a unguwar nan. Ban taɓa sa wani ya kawar da kai don ya rufa mini asiri ba, sai yau. Da hannuna na kai wa Liman."

"Baba, wallahi Nuru ba ya—"

"Uwata, ba zan tilasta miki Sunusi ba, ba a yi mini haka ba, ba zan yi miki ba. Amma da bakina ba zan ba da ke ga wancan ba. Magana ta ƙare."

Kwana uku ba ta ɗauki wayar Nuru ba. Ranar Talata kujerarsa ta zauna ba kowa, ta yi ta tura keke yana ƙara, ba mai ɗago kai. A rana ta huɗu ta buɗe saƙonsa:

"Zinatu, zumar tana nan a jakata, na gan ta tun a mota. Kwalbar Farfesana ne ya ba ni ranar Juma'a don murna. Jakunkunan iri ɗaya ne. Ban taɓa sha ba, Allah shaida. Laifina shi ne na karɓa, domin na kasa cewa a'a ga tsohon da ya riƙe ni kamar ɗa shekara huɗu. Ba na neman ki yi wa Baba gardama. Ina so dai ki san gaskiya, ko da ita kaɗai za ta rage tsakaninmu."

Ta karanta sau uku. Da mahaifinta ya dawo aiki ya zauna yana cire takalmi, ta durƙusa a gabansa ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Ta zaci zai ture wayar. Sai ta ga ya tsaya a wani layi, ya koma, ya sake karantawa. Ya miƙo mata, ya tashi ya fita bayan gida, ya daɗe a tsaye a cikin sanyi yana kallon ɗan ɗakin katakon da yake ajiye kayan aiki.

Ranar Alhamis ba shi da aiki. Da safe ya ce, "Sa rigar sanyinki. Manchester za mu je. Kada ki gaya masa."

Suka kama hanya. A Oxford Road suka sauka cikin jerin bas-bas, Malam Giɗaɗo yana kallon direbobin da idon wanda ya san ciwon bayansu. Suka tarar da Nuru a ƙaramin ofishin da ɗalibai huɗu ke rabawa, yana tattara littattafai a kwali. Ya rame. Da ya gan su littafi ya suɓuce daga hannunsa, ya zube ƙasa yana gaisuwa.

"Tashi. Ka ce shekara huɗu. Wannan ce ta farko da ya ba ka?"

Nuru ya dubi tsohon. Zinatu kuwa a ranta tana roƙon ya ce e.

"A'a, Baba. Ta huɗu ce."

"Ina sauran?"

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Kwalabe uku ne, ƙura ta lulluɓe su, kowace da katin gaisuwa a wuya. Malam Giɗaɗo ya tsuguna da ƙyar, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yana shafa murfin da babban yatsa. Ba wadda aka taɓa.

"Me ya hana ka zubarwa?"

"Baba, na sha ɗauka zan zubar. Sai in tuna ranar da mahaifina ya rasu, shi ya kai ni filin jirgi da motarsa. In ji kamar alherinsa zan tuttular a rariya. Ba zan iya ba wa wani ba, zunubi ne. Mayar masa kuwa... a wasiƙun da nake karantawa, duk wanda ya dawo da ganga ya yanke zumunci ke nan."

"Kai Baturen shekara ɗari uku ne?" Muryar Malam Giɗaɗo ta ɗaga. "Bakinka ciwo yake? Ka ce masa, Malam na gode, addinina ya hana ni. Shi ke nan! Wannan ba kunya ba ce, tsoro ne. Mutum ya zauna shekara da shekaru da abu a ɓoye, kullum gabansa na faɗuwa kada a gani, don kawai ya kasa faɗin kalma biyu..."

Sai muryar ta karye. Ya yi tari, ya daɗe yana yi. Sannan ya miƙe yana dafa tebur.

"Ka zo gida jibi. Ka taho da waɗannan."

Ranar Asabar Nuru ya iso da kwalinsa. Malam Giɗaɗo bai kai shi falo ba. Ya wuce da shi bayan gida, Zinatu da mahaifiyarta na biye. Ya ciro wani ɗan makulli da Zinatu ba ta taɓa gani ba, ya buɗe ɗakin katakon, ya janye tsohuwar darduma da gwangwanayen fenti.

Kwalabe ne jere a jikin bango, wasu takardunsu har sun yi ja don tsufa.

Batulu ta dafe ƙirji. "Malam!"

"Goma sha takwas ne, ba sai kin ƙirga ba. Monica ce."

Monica maƙwabciyarsu ce ta jikin bango, tsohuwa 'yar asalin Jamaica. Ita ta nuna musu inda ake sayen doya a makon da suka zo, ita ta riƙe Zinatu kwana tara lokacin da aka kwantar da Batulu a asibiti.

"Duk Kirsimeti sai ta tare ni a bakin ƙofa ta ba ni. Shekarar farko na ce baɗi zan gaya mata. Baɗi ta zo na ce ai yanzu in na faɗa za ta tambayi ta bara." Ya juya ga Nuru, idanunsa sun yi ja. "Faɗan da na yi maka a Manchester, kaina nake yi wa. Da na karanta saƙonka, sai na ga kamar ni na rubuta."

Batulu ta kalli mijinta, ta kalli kwalaben, sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi. "Shi ya sa kullum ka hana a gyara ɗakin nan, ka ce akwai ɓeraye!"

Su biyu suka yi aikin, tsoho da saurayi, tsugune a bakin rariya. Ba wanda ya san yadda ake cire toshiyar, sai da suka sa sukundireba. Kwalba ashirin da biyu suka tuttular, suna kawar da hanci, Zinatu na bin su da bokitin ruwa.

Da suka gama Malam Giɗaɗo ya wanke hannu ya ce, "Saura mai wuyar. Kai ka je ka gaya wa malaminka gaskiya. Ni ma ga ƙofa nan zan ƙwanƙwasa. In ka yi, ka turo magabatanka. Sunusi kuma ni zan ba shi haƙuri."

Zinatu ta raka mahaifinta. Ya tsaya a ƙofar Monica yana murza hula, Turancinsa na sarƙewa. Tsohuwar ta saurare shi har ƙarshe, ta riƙe ƙugu.

"Shekara goma sha takwas, Mista Giɗaɗo! Ni da nake zaɓo maka mai kyau! Kullum in tambaye ka ta yi daɗi, ka ce mini ƙwarai!" Ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannun Zinatu. "Maza! Sun gwammace su mutu da su buɗe baki. To ya wuce. Ni dai a gayyace ni biki."

Da yamma saƙon Nuru ya shigo:

"Mai Makulli, na kira Farfesa. Na gaya masa gaskiya. Sai ya ce shi ne ya kamata ya ji kunya, shekara talatin yana koyar da ma'anar kyauta bai taɓa tambayar ɗalibinsa abin da yake sha ba. Zumunci bai yanke ba. Gobe zan kai wa Liman zumarsa da hannuna, kuma sai na buɗe ta a gabansa."

Ta rubuta masa:

"Sarkin Ganguna, an sauke ka daga sarauta. Daga yau kai Sarkin Zuciyata ne kawai. Ka duba jakar sau biyu."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure, Liman Ja'afaru ya ɗaura, muryarsa garau. Ba a yi wani gagarumin biki ba, zamanin bai ba da dama ba. Ƙaramin zauren unguwa aka kama, mata suka dafa shinkafa da waina. Farfesa ya zo daga Manchester da hular da aka ara masa, ta zauna masa a karkace.

Ana cikin cin abinci Monica ta shigo, tana jan manyan jarkoki biyu cike da wani jan abu. Malam Giɗaɗo ya miƙe tsaye, fuskarsa ta canja.

"Zauna, Mista Giɗaɗo! Abin shan garinmu ne na biki, ban sa komai a ciki ba sai citta da kanumfari."

Batulu ta zuba kaɗan a kofi, ta shinshina, ta kurɓa. Ta zaro ido.

"Malam, wallahi zoɓo ne!"

Zaure ya kaure da dariya. Malam Giɗaɗo ya karɓi kofin da hannu biyu, ya shanye a gaban Monica, ya miƙa a ƙara masa.

Da lokacin tafiya ya yi, ya kama hannun 'yarsa ya daɗe bai saki ba. Gajiyar shekaru na nan a fuskarsa, amma kafaɗunsa sun sauka.

"Uwata, ga mijinki. Nuru, ga amanata. Abu ɗaya zan ce muku: kada ku yi ɗakin katako a tsakaninku. Abin da ya yi nauyin faɗa, ku faɗe shi tun yana kwalba ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Zaure ya amsa da amin. Monica ma, da kofin zoɓo a hannu, ta ce amin.